Ɓarawon Da Ba Ya Haura Katanga

Muna farawa da sunan Allah, muna neman taimakonsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu yi magana ne a kan tsaron dukiya, musamman dukiyar jama'a da ke hannun 'yan kasuwa da ma'aikatan hukuma. Falke na da, in ya sauka a zango, ya san abin da zai tsare, ya kuma san wanda yake tsoro. Sai a tara kaya wuri ɗaya, a ɗaure jakai, a raba dare a yi gadi. Da aka koma zaman kanti, sai aka sa ƙofar ƙarfe, aka sayi kwaɗo mai kyau, aka ɗauki mai gadi. Duk wannan shiri an yi shi ne saboda ɓarawon da zai zo da ƙafafunsa, ya haura katanga ko ya fasa bango.

To, yau dukiya ta yi ƙaura. Littafin bashi, da sunayen abokan ciniki, da lissafin kayan da ke cikin sito, da kuɗin kansu, duk sun koma cikin waya da kwamfuta. Tun lokacin ƙarancin takardun naira a farkon shekarar 2023, har mai sayar da tumatir a bakin hanya ya koyi karɓar kuɗi ta waya. Da dukiya ta yi ƙaura, ɓarawo ma ya bi ta. Yana iya zama a wata ƙasa mai nisa ya kwashe abin da mutum ya shekara 20 yana tarawa, alhali kwaɗo yana nan a kulle, mai gadi kuma yana zaune bai ga kowa ba. Don mu gane yadda al'amarin yake, bari mu duba abin da ya sami wani babban kamfani, domin Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

ABIN DA YA SAMI KAMFANIN MAERSK

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa yin odar kaya daga ƙasashen waje ya san sunan Maersk, ko da a jikin kwantena ya gan shi. Kamfanin jiragen ruwa ne na ƙasar Denmak, wani reshensa kuma yana gudanar da tashar kwantena a Apapa. A shekarar 2017 shi ne mafi girma a duniya a wannan sana'a, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar na kwantenonin da ke yawo a teku jiragensa ne ke ɗaukarsu.

Ranar Talata 27 ga Yuni 2017, watau kwana biyu bayan ƙaramar sallar wannan shekara, ma'aikatan kamfanin suna zaune a ofisoshinsu sai suka ga kwamfutoci suna mutuwa da kansu. Da suka sake tashi, sai wani rubutu ya bayyana cewa an kulle duk abin da ke ciki, sai an biya dala 300 kafin a buɗe. Kafin a ankara abin ya game ofisoshin kamfanin a ƙasashe da yawa. A tashoshi 17 daga cikin 76 da kamfanin ke gudanarwa aiki ya tsaya, manyan motoci suka yi dogon layi a bakin ƙofa, domin na'urar da ke faɗin wace kwantena ce ta wane, kuma ina za ta, ta mutu. Ma'aikata suka koma karɓar oda ta wayoyinsu na kansu, suna rubutawa a takarda.

Ta ina cutar ta shiga? A ƙasar Yukren akwai wata manhajar lissafin haraji da ake kira M.E.Doc, wadda galibin kamfanonin da ke kasuwanci a can suke amfani da ita. 'Yan kutse suka shiga kamfanin da ke yin manhajar, suka cusa cutar cikin gyaran da yakan aika wa masu amfani da ita. Kwamfuta ɗaya a ofishin Maersk na birnin Odesa tana ɗauke da wannan manhaja, kuma ta nan cutar ta shiga. Da ta shiga, sai ta riƙa tsallakawa daga wannan kwamfuta zuwa waccan ta hanyoyi biyu: ta wata ɓaraka da ke cikin manhajar Windows, wadda kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaranta tun watan Maris na wannan shekara, da kuma ta satar kalmomin sirri da ta tarar a cikin kwamfutocin. An sa wa cutar suna NotPetya. Daga baya aka gane maganar dala 300 yaudara ce, domin an yi cutar ne don ta lalata, ko an biya ba abin da zai dawo. A watan Fabrairu 2018 gwamnatocin Amurka da Ingila suka ɗora alhakin a kan sojojin Rasha, Rasha kuma ta musanta. Yukren aka nufa, Maersk tartsatsin wutar ne ya same shi.

Da aka zo gyara, sai aka tarar da wata babbar matsala. Kamfanin yana da manyan kwamfutoci kimanin 150 waɗanda ke riƙe da rajistarsa, watau sunan kowane ma'aikaci da abin da aka yarda ya buɗe. In babu wannan rajista, ba a iya ta da sauran. An shirya su ne kowace tana kwafar abin da ke cikin 'yar'uwarta, don in ɗaya ta lalace sauran suna nan. Ba a yi tunanin ranar da za su lalace gaba ɗaya ba, kuma tun da a haɗe suke, ranar ta zo. Kamar yadda 'yan jarida suka ruwaito daga baya, aka yi ta buga waya ofis bayan ofis, har aka sami guda ɗaya tak da ta tsira, a ofishin kamfanin na ƙasar Gana. Dalilin tsirarta shi ne an ɗauke wuta a wurin kafin cutar ta iso, saboda haka a kashe take lokacin da 'yan'uwanta suke lalacewa. Intanet na ofishin ba shi da ƙarfin aika abin da ke cikinta da sauri, ma'aikatan wurin kuma ba mai bizar Ingila, inda aka kafa sansanin gyara. Sai wani ya ɗauko ma'ajiyar bayanan ya hau jirgi zuwa Nijeriya, ya miƙa ta ga wani ma'aikaci a filin jirgi, shi kuma ya wuce da ita Landan.

A watan Janairu 2018 shugaban hukumar gudanarwar kamfanin, Jim Hagemann Snabe, ya bayyana cewa cikin kwana 10 sun sake ɗora manhaja a kan manyan kwamfutoci 4,000 da ƙanana 45,000. Hasarar da kamfanin ya yi ta kai tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300.

To, ya masu karatu, mu dubi wannan da idon basira. Kamfani mai jirage ɗaruruwa, abin da ya cece shi shi ne ɗauke wuta a wani ofishi da ba a tuna da shi. Wannan ƙaddara ce, kuma ba mai hankalin da zai gina kasuwancinsa a kan fatan a ɗauke wuta daidai lokacin da ɓarawo ya zo. Abin da ƙaddara ta yi wa Maersk, watau ta ware kwafi ɗaya daga sauran, shi ya kamata kowane mai dukiya ya yi wa kansa da gangan. Sananne ne cikin hadisin da Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi da ya haɗa biyun, ɗauri tukuna sa'an nan tawakkali.

ƁARAWO YANA SAKE RIGA

Da ɓarawon nan hanya ɗaya yake bi, da an toshe ta an huta. Amma kullum dabararsa sauyawa take yi, kuma a 'yan shekarun nan ya fi son ya bi ta kan mutum, domin yaudarar ma'aikaci ta fi fasa na'ura sauƙi. Ga misalai uku.

Tsakanin 2013 da 2015 wani mutumin ƙasar Lituwaniya mai suna Evaldas Rimasauskas ya yi rajistar kamfani da suna iri ɗaya da na wani kamfanin Taiwan, Quanta Computer, wanda ke sayar wa Facebook da Google kayan aiki. Ya riƙa aika musu takardun neman biya na jabu, da hatimi da sa hannu na ƙarya, su kuma suna biya cikin asusun da ya nuna, har kuɗin ya haura dala miliyan 100. An kama shi a 2017, a 2019 kuma wata kotu a Niyok ta ɗaure shi shekara biyar. Waɗannan kamfanoni biyu suna da ƙwararrun masanan kwamfuta, amma takarda ce ta ci su, domin akawu ya ga sunan da ya saba gani ya biya.

A watan Mayu 2021 'yan kutse suka shiga kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun da ke kai kusan rabin man da ake sha a gabashin Amurka. Da kalmar sirri ɗaya suka shiga, ta wani tsohon asusun aiki da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, ba a kuma sa masa makulli na biyu ba. Suka kulle bayanan kamfanin suka nemi fansa. Aka rufe bututun kwanaki, gidajen mai suka bushe a jihohi da yawa, kamfanin ya biya kimanin dala miliyan 4.4.

A farkon 2024 kuma wani ma'aikacin kuɗi a ofishin Hong Kong na kamfanin injiniyoyi na Arup ya sami saƙo wai daga babban jami'in kuɗi na kamfanin da ke Ingila, ana son a aika wasu kuɗi a asirce. Da farko ya yi shakka. Sai aka kira shi taro ta bidiyo, ya ga fuskar jami'in da ta wasu abokan aikinsa, ya ji muryoyinsu, hankalinsa ya kwanta. Ya aika kuɗi sau 15, jimlarsu kimanin dala miliyan 25. Sai da ya tuntuɓi hedkwata daga baya aka gane duk waɗanda ya gani a taron na'ura ce ta ƙera su, ta kwaikwayi fuskokinsu da muryoyinsu.

Kada wani ya ce wannan matsalar manyan kamfanonin Turai ce. Attajirin Kantin Kwari da ke odar yadi daga Sin yana iya samun saƙo da sunan mai ba shi kaya, wai an sauya asusun banki, a biya cikin sabo. Wannan ita ce dabarar mutumin Lituwaniya ba ragi. Yaron kanti yana iya samun saƙon murya irin ta maigida, wai ya tura kuɗi maza ga wane. Wannan ita ce dabarar Hong Kong. Bambancin kawai shi ne babban kamfani yana iya jure hasara ya tashi, ƙaramin ɗan kasuwa kuwa sau da yawa karayar ke nan.

MATSAYIN AMANA

Wani zai ce dukiyata ce, in na yi sakaci ni zan yi hasara. Amma ɗan kasuwa ba safai dukiyarsa kaɗai ke hannunsa ba. Akwai jarin abokan tarayya, da kuɗin kafin alƙalami da masu saye suka bayar, da ajiyar 'yan'uwa da marayu, da lambobin waya da na asusun mutanen da suka amince masa. Ma'aikacin hukuma kuwa duk abin da ke kan teburinsa na jama'a ne.

Malaman fikihu sun yi bayanin ajiya dalla-dalla, kuma duk wanda ya karanta Risala ya san akwai babin da ya tattara hukuncin ajiya da aro da jingina da tsintuwa. Asalin hukunci shi ne wanda aka ba ajiya amintacce ne, in ta salwanta ba da laifinsa ba, ba ya biya. In kuwa ya ƙetare iyaka, ko ya yi sakaci wajen tsare ta yadda ake tsare irinta, to lamuni ya hau kansa. Malaman Malikiyya ma sun ƙara tsanantawa a kan masu sana'a, irin su maɗinki da marini, suka lamuntar da su kayan da aka kai musu, don kare dukiyar jama'a. Yanke hukunci a kan kowace ƙara aikin alƙalai ne da malamai, amma ma'aunin a fili yake: kowace dukiya da irin tsaronta. Ba a ajiye zinariya inda ake ajiye itace. Wanda ya rubuta lambar sirrin asusun kamfani a jikin bango, ko ya ba kowane yaro wayar da ake biyan kuɗi da ita, zai yi wuya ya ce ya tsare amana yadda ake tsare irinta.

Har wa yau, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don kada hakki ya ɓace. In rubutun bashi yau yana cikin waya ɗaya, wayar kuma ta ɓace ko aka kulle ta, an yi rubutu amma manufarsa ta tafi, sai gardama tsakanin mai bi da wanda ake bi. A Suratul Hujurat kuma an horar da muminai da su bincika labari kafin su yi aiki da shi, don kada su yi abin da za su yi nadama. Wannan horo shi ne tushen maganin yaudarar da muka ambata.

MATAKAN TSARO

Na farko, a ajiye kwafi a ware. Littafin bashi, da lissafin kaya, da takardun yarjejeniya, a kwafe su cikin ma'ajiyar bayanai ta dabam aƙalla sau ɗaya a mako, sa'an nan a cire ta daga jikin kwamfuta a ajiye ta a wani gida. Kwafin da ke haɗe da kwamfuta kullum, cutar da ta ci uwa za ta ci shi, kamar yadda ya auku a Maersk. A riƙa gwada buɗe kwafin lokaci lokaci don a tabbata yana aiki. Jerin manyan basussuka kuma a buga shi a takarda kowane ƙarshen wata.

Na biyu, kada a biya kuɗi mai yawa sai an tabbatar ta wata hanya dabam. Duk saƙon da ya ce an sauya asusu, a ɗauke shi ƙarya ne har sai an kira mai kayan ta lambar da aka daɗe da saninsa da ita, ba lambar da ke cikin saƙon ba. A kafa doka cewa kuɗin da ya haura wani adadi sai mutum biyu sun amince kafin ya fita. Tun da yanzu ana kwaikwayon murya da fuska, maigida da akawunsa su shirya wata kalma ko tambaya da su kaɗai suka sani. Alamomin mayaudari guda biyu ne, ba sa sauyawa ko dabara ta sauya: gaggawa da asiri. Zai ce a yi yanzu yanzu, kuma kada a gaya wa kowa. Hausawa kuwa sun ce sauri ya haifi nawa. A nan akwai nauyi a kan iyayen gida. Maigidan da yaronsa ke tsoron ya sake kiransa ya tambaya, shi ne ya buɗe wa mayaudari ƙofa, domin da wannan tsoro ake cin yaron.

Na uku, a gyara makulli. Kalmar sirri ta zama doguwa, kada ta zama ranar haihuwa ko sunan ɗa ko lambar waya, kuma kada a yi amfani da guda ɗaya a wurare da yawa. A sa makulli na biyu a kan imel da WhatsApp da asusun banki, watau ƙarin lambar da ake nema bayan kalmar sirri. Rashin wannan ne ya ci kamfanin bututun Amurka. Lambar da banki ke aikowa ta waya don tabbatar da biya, da lambar sirrin kati, ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga banki yake, ko ya karanto maka sunanka da lambar BVN ɗinka don ka yarda da shi. A sa wa layin waya lambar sirri. In waya ta ɓace, ko layi ya mutu ba dalili, banki za a fara kira a rufe asusu kafin a shiga neman wayar.

Na huɗu, a riƙa karɓar gyaran manhaja in ya zo. Makonni shida kafin abin da ya sami Maersk, a watan Mayu 2017, wata cuta mai suna WannaCry ta bi ta ɓarakar nan ta Windows ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, har asibitocin Ingila suka soke ganin marasa lafiya dubbai, alhali gyaran ya fito wata biyu kafin nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Windows 7, wadda har yanzu ake gani a wasu ofisoshi, tun watan Janairu 2020 Microsoft ya daina aiko mata da gyara. A kuma guji manhajar sata da ake sayarwa da araha, domin banda cin hakkin masu ita, sau da yawa da cuta a cikinta take zuwa.

Na biyar, kowa da iyakar makullinsa. Mai sayarwa a kanti ba ya bukatar ikon fitar da kuɗi daga asusu. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, ranar za a rufe asusun aikinsa a sauya kalmomin da ya sani, ko da an rabu lafiya. Wayar da ake kasuwanci da ita kada ta zama ta wasan yara da dare.

Na shida, kada a saki kaya saboda alat. Saƙon shigar kuɗi da hoton rasidi duk ana ƙera su. A buɗe manhajar banki a ga kuɗin ya zauna cikin asusu tukuna.

Na bakwai, a koyar da yara da ma'aikata, a kuma maimaita, tun da dabarar ɓarawo ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ke tara kuɗin gadi kowane wata suna iya ɗaukar masani amintacce ya riƙa zagayawa yana duba wa mambobi na'urorinsu, yana gaya musu sabuwar yaudarar da ta fito. Wanda kuma ya taɓa wani saƙo bisa kuskure ya zo ya faɗa nan take, kada a ci mutuncinsa, domin in aka wulakanta shi, na gaba zai ɓoye har ɓarna ta yi nisa.

GA MA'AIKATAN HUKUMA

Ku da ke riƙe da jerin albashi, da fayilolin 'yan fansho, da takardun filaye, da bayanan marasa lafiya, nauyinku ya fi na ɗan kasuwa, domin mutanen da bayanansu ke hannunku ba su da zaɓin zuwa wani ofishi. Kada a bar kwamfuta a buɗe a tafi salla ko cin abinci. Kada a ba masinja ko ɗan hidimar ƙasa kalmar sirri don ya rage wa mutum aiki, domin duk abin da aka yi da ita sunan mai ita zai fito. Kada a aika takardun ofis ta imel na kai, kada kuma a cusa wa kwamfutar ofis kowace ma'ajiyar bayanai da aka kawo daga waje. Sayar da bayanan jama'a ga 'yan damfara kuwa cin amana ne tsagwaronsa, kuma doka tana hukunta shi. Nijeriya tana da dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, da kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023.

IN ƁARNA TA AUKU

Ko an yi duk wannan, ana iya samun tsautsayi, saboda haka a shirya tun yau abin da za a yi. A cire kwamfutar da ta kamu daga intanet da sauran 'yan'uwanta nan take. In kuɗi ne ya fita, a kira banki cikin sa'ar, domin mayaudari yakan rarraba kuɗin cikin asusu da yawa da sauri, kuma kowace sa'a da ta wuce tana rage fatan tsayar da shi. A kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC, kada a goge saƙonnin da aka yi yaudarar da su. Lambobin banki da na masanin da za a kira a rubuta su a takarda, tun da wayar da suke ciki tana iya zama ita ce ta tafi. In bayanan mutane ne aka sace, a gaya musu gaskiya don su tsare kansu. Dokar 2023 ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai cikin sa'a 72 in satar tana iya cutar da masu bayanan. Ɓoye ɓarna don gudun kunya ƙarin cin amana ne a kan na farko. Game da biyan fansa kuwa, babu tabbacin za a buɗe abin da aka kulle, kuma kowane kuɗi da aka biya jari ne ga masu laifin. Mai kwafi a ware ba ya shiga wannan tsaka mai wuya.

Kafin mu rufe, muna kira ga iyaye da malamai. Duk kuɗin da aka sata ta wannan hanya sai ya bi ta asusun wani, kuma sau da yawa asusun wani saurayi ne ko wata baiwar Allah da aka ba ɗan abin hasafi don su ba da aron asusunsu ko layinsu. Wanda ya ba da aron asusunsa aka wuce da dukiyar haram ta ciki ya taimaka wajen zalunci, kuma shi hukuma za ta fara kamawa. In yaro ya shigo gida da mota da waya mai tsada ba a san sana'arsa ba, wajibi ne uba ya tambaya. Rashin ganin fuskar wanda aka cuta ba ya halatta dukiyarsa, ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba, ko a Kano yake ko a bayan teku.

Muna roƙon kowane mai karatu da ya zaɓi aƙalla abu biyu daga cikin waɗannan matakai ya aikata su kafin Juma'a mai zuwa, kuma muna ba da shawarar a fara da kwafin littafin bashi da makulli na biyu, domin ba su bukatar kuɗi mai yawa. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu da mutuncinmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da ke wuyanmu, ya sa albarka cikin kasuwanninmu da ofisoshinmu, ya shiryi matasanmu zuwa ga neman halal. Amin.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.